Eritiritol, sukarin da yis ke haɗawa: abin da muka gani a cikin wata uku

A farkon daminar bana na sayi leda ɗaya mai nauyin kilo guda ta wani farin gari da ake kira eritiritol a wani babban kanti da ke cikin birnin Kano, kuma dalilin sayen bai wuce shayin Hajiya ba. Shekara shida ke nan da likita ya tabbatar wa mahaifiyata cewa tana da ciwon sukari. Ta bar lemon kwalba, ta rage tuwon shinkafa, ta daina taɓa alewar madara ko da jikoki sun kai mata har ɗaki, duk ba tare da gardama ba, amma shayin da take sha bayan sallar asuba ta ce ba za ta sha shi lami ba. Mun gwada ƙananan ƙwayoyin sakarin da ake sayarwa a kemis, ta sha na kwana huɗu ta ce suna bar mata ɗaci a maƙoshi kamar ta tauna ɓawon maɗaci. Abin da zan rubuta a nan shi ne abin da muka gani a cikin wata ukun da muka yi muna amfani da wannan gari, tare da abin da na sani game da asalinsa, kasancewar koyar da ilimin sinadarai a makarantar sakandare ita ce sana'ata.

Wanda ya buɗe ledar ba zai bambanta shi da sukari da ido ba. Fari ne fat, ƙwayoyinsa ƙanana ne masu ɗan ƙyalli, ba shi da wari ko kaɗan. Ya fi sukari da abu ɗaya da na lura da shi tun makon farko, wato ba ya jan laima: a tsakiyar watan Agusta, lokacin da sukarin gwangwani ke dunƙulewa sai an sa cokali an fasa, shi yana nan yana zuba kamar yashi. Kuɗinsa kuwa ya haura ninki shida na farin sukari a ranar da na saya, kuma tun da zaƙinsa bai wuce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na zaƙin sukari ba, tsadar ta fi yadda take bayyana a jikin leda, domin inda ake zuba cokali biyu na sukari sai an zuba uku nasa. Yaron kantin da ya miƙo mini ya nuna hoton kankana da inabi da ke gaban ledar ya ce, "Yallaɓai, wannan daga 'ya'yan itace ake tatsarsa, babu haɗin kamfani a ciki." Ban ga laifinsa ba, abin da hoton ya faɗa masa ya maimaita. Laifin na wanda ya zana ledar ne, kuma zan dawo kansa.

Gaskiya ne akwai eritiritol a cikin kankana da inabi da naman kaza, amma ɗan mitsitsi ne da ba ya biyan wahalar tatsa. Wani masanin sinadarai ɗan Sikotlan mai suna John Stenhouse ne ya gano shi a shekarar 1848 a jikin wani tsiro mai kama da gansakuka da ke manne wa duwatsu, kuma ya shafe fiye da shekara ɗari yana zaune a ɗakunan bincike kafin kamfanonin Japan su fara sayar da shi a matsayin abin zaƙi a wajajen 1990. Duk wanda ke kasuwa a yau daga tankunan masana'anta yake fitowa.

Ranar farko Hajiya ta ƙi yarda a zuba mata a shayi sai ta ɗanɗana da kanta. Ta dangwali kaɗan da yatsa ta sa a harshe, ta yi shiru, sannan ta dube ni ta ce, "Kai, wannan sukarin naka TomTom aka daka a ciki?" Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, "kai" ɗin nan shi ne sunana a bakinta tun ina yaro. Sanyin da ta ji ba na na'a-na'a ba ne. Garin yana zuƙe zafi daga abin da ke kewaye da shi a lokacin da yake narkewa, don haka idan ya narke a kan harshe sai harshen ya ji sanyi, idan kuwa ya riga ya narke a cikin ruwan zafi babu sauran wannan sanyin. A cikin shayi zaƙinsa mai tsabta ne, babu ɗacin sakarin, sai dai yana zuwa da sauri ya wuce da sauri, ba ya zama a baki yadda na sukari ke yi, kuma shayin yana yin ɗan tsararo kamar an rage masa madara. Hajiya ta ce ya fi babu, wanda daga bakinta yabo ne babba. Inda ya fi burge ni shi ne a zoɓo mai citta da kanumfari, domin tsamin zoɓon da yajin cittar suna rufe duk wani bambanci, har baƙin da muka ba su sun sha ba su gane ba sukari ba ne.

Matsala ta farko ba daga ɗanɗano ta zo ba. Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'a ya ɗauki ledar yana karanta ƙananan rubutun bayanta, sai ya ce, "Kawu, ai an rubuta alkohol a nan." Hajiya ta ture kofin gefe tana neman tsari, kuma sai da na yi kusan rabin sa'a ina bayani kafin ta sake ɗauka. A Turance ana kiran wannan dangin sinadarai da sunan da fassararsa kai tsaye za ta zama "barasar sukari", kuma sunan ya yi wa kayan mummunar illa a wurinmu. A ilimin sinadarai kalmar alkohol sunan babban dangi ne na duk abin da ke ɗauke da wani ɗan reshe na oksijin da haidurojin a jikin kabon. Gilisarin da mata ke shafawa da hunturu yana cikin dangin, haka ma sinadarin da ke sa alewar tari sanyi. Ɗaya daga cikin 'yan dangin, mai suna itanol, shi ne mai sa maye, shi ne barasa. Eritiritol yana da kabon huɗu, kowanne da irin wannan reshe, busasshen gari ne, babu itanol a cikinsa kuma ba ya gusar da hankali komai yawan da aka sha. Fatawa ta malamai ce, ni dai abin da ke cikin ledar na bayyana. Akwai ɗan tambarin halal a kusurwar ledar, amma ba a rubuta sunan hukumar da ta bayar da shi ba, kuma tambarin da ba shi da mai shi bai fi ado ba.

A wurin girki ne garin ya nuna iyakarsa. Uwargida ta kwaɓa fanke da shi don Hajiya ta samu na karin kumallo, fulawa da yis da ruwan ɗumi kamar kullum, ta rufe ta ajiye a rana. Bayan lokacin da ƙullin ya saba cika roba ta leƙo ta ce, "Malam, zo ka ga abin naka, ya ƙi tashi." Ya tashi daga baya, amma a hankali kuma rabi-rabi, da ɗan zaƙin da ke cikin fulawar kanta, sannan da aka soya ya fito fari sol, mai nauyi, babu jan nan da ke sa fanke sha'awa, domin eritiritol ba ya yin ja idan ya ji wuta. Alkaki ya fi ba da haushi. Ta dafa garin da ruwa don yin ruwan tsomawa, ya narke sarai a kan wuta, ta tsoma alkakin ta jera a faranti, da ya huce sai ruwan ya koma tsakuwoyi, kana taunawa yana garas-garas kamar an zuba rairayi. Dalilin shi ne ruwa ba ya ɗaukar eritiritol da yawa: abin da zai narkar bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na sukarin da zai narkar ba, ragowar da zafi ya tilasta masa ɗauka sai ya mayar da ita da zarar ya huce. Duk abin da ke bukatar ruwan sukari mai kauri ko daƙo, daga alkaki har alewa da kantun riɗi, a bar wa sukari ko zuma.

Ƙullin da ya ƙi tashi shi ya sa na koma kan littattafaina, domin akwai abin mamaki a cikinsa: yis ɗin burodi ya kasa cin abin da wani yis ɗan uwansa ya haɗa. Yis ƙwayar halitta ce mai rai da ido ba ya gani, kuma nau'o'insa sun fi dubu. Na fanke da burodi, wanda masana ke kira Saccharomyces cerevisiae, yana cin sukari ya fitar da iskar da ke kumbura ƙulli, amma ba shi da kayan aikin da zai fasa eritiritol. Waɗanda ke haɗa eritiritol wasu ne dabam da suka saba rayuwa a wuri mai tsananin zaƙi, kamar Moniliella pollinis da aka fara samu a garin fure. Duk wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ya ga ruwa na tsattsafowa daga jikinta ya san halin da ƙwayar yis ke shiga idan aka jefa ta cikin ruwan sukari mai kauri: ruwan jikinta ne ke ƙoƙarin ficewa. Don ta kare kanta sai ta riƙa tara eritiritol, wanda ke riƙe mata ruwa. Masana'anta ta ɗauki wannan dabara ta neman tsira ta mayar da ita sana'a. Ana narkar da sitacin masara ko na alkama ya zama gulukos, wani nau'in sukari, a cika manyan tankunan ƙarfe da shi da kauri, a zuba yis, a riƙa hura iska na kwanaki, shi kuwa yana ta zubar da eritiritol cikin ruwan. Daga nan a tace ƙwayoyin yis ɗin a fitar da su, a wanke ruwan da gawayi na musamman da wasu matatai, a ƙafar da shi har ya yi ƙwayoyi farare masu tsabtar da ta kai kashi 99 cikin 100.

Damuwar mai masana'anta ita ce yis ba don shi yake aiki ba. Gulukos ɗin da aka ba shi yana raba shi gida-gida: wani ya ƙona don samun ƙarfi, wani ya gina sababbin ƙwayoyi, wani ya mayar wasu sinadarai irin su manitol ko arabitol ko tsamin sitirik, waɗanda duk sai an sha wahalar raba su da abin da ake so. Kason da ke zama eritiritol yana bin wata ƙaramar hanya ce ta gefe a cikin ƙwayar, wadda masana ke kira hanyar fentos, inda ake sassare sukari mai kabon shida har a samu mai kabon huɗu da ake kira eritiros, sannan wani inzayim, wato sinadarin aiki da ke cikin ƙwayar, ya ƙara masa haidurojin ya zama eritiritol. Manomin rani a Kadawa zai fahimci aikin da ke gaban masanan fiye da kowa, domin daidai yake da na mai son ruwa ya isa fadamarsa: ya faɗaɗa bakin da ruwa ke shigowa, ya yashe magudanar da ke tsakiya, ya toshe inda yake yoyo zuwa gonar da ba tasa ba. Tsohuwar dabara ita ce ta kan mai uwa da wabi. A shekarun 1980 masu bincike a Japan sun riƙa haska wa yis hasken da ke jirkita ƙwayoyin gado, ko su jiƙa shi da sinadarai masu yin hakan, sannan su bi dubban 'ya'yan da suka tsira ɗaya bayan ɗaya suna neman wanda ya fi ba da yabanya. Sabuwar dabara ita ce a san ainihin ƙwayar gadon da ke riƙe da kowace ƙofa, a je kanta kai tsaye.

Yis ɗin da aka fi yi wa wannan aiki shi ne Yarrowia lipolytica, wanda ake samu a jikin cuku da nama da wurare masu maiƙo, kuma abin da ya ja hankalin masana gare shi shi ne yana cin gilisarin. Masana'antun man dizal na tsirrai suna fitar da ɗanyen gilisarin kusan kilo ɗaya a duk kilo goma na mai, ya yi musu yawa har ya zama kaya. Masu bincike a jami'ar nazarin muhalli da halittu ta birnin Wrocław a ƙasar Folan, ƙarƙashin Waldemar Rymowicz, sun nuna cewa wani nau'in wannan yis da suka sa wa suna Wratislavia K1 yana mayar da ɗanyen gilisarin eritiritol, musamman idan ruwan ya yi tsami sosai kuma aka ƙara masa gishiri don a tsananta masa ƙishirwa. A shekarar 2017 kuma ayarin Patrick Fickers na jami'ar Liège a Beljiyam ya yi aikin da ya fi kama da na manomin Kadawa. Sun ƙarfafa ƙwayar gadon da ake kira GUT1, wadda ke buɗe wa gilisarin ƙofar shiga, suka ƙarfafa TKL1 da ke tsakiyar hanyar fentos, sannan suka kashe EYK1. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi ba ni dariya da na karanta, domin ashe yis ɗin idan abincinsa ya ƙare a tanki sai ya juya ya fara cinye eritiritol ɗin da ya tara, kamar ɗan ƙodagon da ya gama girbi ya zauna a bakin rumbu da cokali. Da aka kashe EYK1 ya rasa hanyar cin, kuma nau'in da ya haɗa gyare-gyaren uku ya fi uwarsa saurin samarwa da kashi 75 cikin 100.

Ba eritiritol kaɗai ake yi wa wannan hidima ba. Zailitol, wani ɗan uwansa mai zaƙi da ke cikin cingam da man goge baki, wanda binciken da aka yi a birnin Turku na Finlan a shekarun 1970 ya fito da amfaninsa ga haƙora, ana yin mafi yawansa ne da sinadarai, a matsa wa sukarin itace da ake kira zailos iskar haidurojin a cikin zafi mai tsanani tare da ƙarfen nikel. Tun a 1991 masu bincike daga Suwidin da Finlan suka ɗauko ƙwayar gadon XYL1 daga wani yis mai suna Pichia stipitis suka dasa a cikin yis ɗin burodi, ya koyi mayar da zailos zailitol a cikin ruwan ɗumi kawai. A ƙasar Sin daga totuwar masara ake ciro zailos ɗin, irin totuwar da muke tarawa bayan sussuka mu hura wuta da ita.

Yanzu ga ƙorafina a kan ledar. Babu ko ɗaya daga cikin abin da na bayyana a jikinta. Ba a ambaci yis ba, ba a ambaci masara ba, ba a faɗi masana'antar da ta yi shi ba, an dai rubuta cewa a nan gida aka zuba shi a leda, kuma na juya ta gaba da baya ban ga lambar NAFDAC ba, abin da ya kamata in duba tun a kanti ban duba ba. Mafi yawan eritiritol da ke yawo a kasuwannin duniya daga Sin yake, musamman lardin Shandong, kuma arharsa ta kai Tarayyar Turai ta ɗora masa harajin kariya a 2024 bayan ƙorafin kamfanin Jungbunzlauer da ke yin nasa a Faransa. Babu abin kunya a cikin wannan asali, don haka ban ga dalilin ɓoye shi a bayan hoton kankana ba. Ko a Amurka wannan ɗabi'a ta jawo shari'a: an kai kamfanin Cargill ƙara a kan tallata garin zaƙinsa mai suna Truvia, wanda mafi yawan abin da ke cikinsa eritiritol ne, da sunan kayan asali na tsirrai, kuma kamfanin ya sasanta da biyan miliyoyin daloli ba tare da ya amsa laifi ba.

Mai saye a Najeriya yana da ƙarin dalilin son a gaya masa. Tun da aka kafa hukumar kula da lafiyar fasahar halittu ta ƙasa a 2015, aka amince da waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta samar a 2019, sannan masarar TELA ta biyo baya a 2024, muhawarar abincin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta ta shiga rediyo da majalisun unguwa. Akwai bambanci na gaske tsakanin waccan magana da wannan. Mai cin wake yana cin ƙwayar da aka gyara ce da kanta, mai shan eritiritol kuwa yana shan abin da yis ya zubar ne bayan an tace yis ɗin an fitar, kuma ƙwayar garin iri ɗaya ce ko daga kankana ta fito, ko daga yis na daji, ko daga wanda aka kashe wa EYK1. Ni a karan kaina gyaran yis ɗin bai dame ni ba, ina ma ganinsa a matsayin aikin gwaninta. Amma wanda ya dame shi yana da haƙƙin a rubuta masa ya zaɓa da kansa, kuma ledar da ta samu filin hoton inabi ba za ta rasa filin layi biyu na bayani ba.

Abu na biyu da ledar ta yi shiru a kansa ya fi na farko muhimmanci, wato adadin da ya kamata a sha. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba ya ƙara ƙiba kuma ba ya ɗaga sukarin jini, kuma wannan gaskiya ne gwargwado: kusan kashi 90 cikin 100 na abin da aka sha ƙaramin hanji ne ke tsotse shi ya shiga jini, jiki ba ya ƙona shi, ƙoda ta fitar da shi a fitsari yadda ya shiga. Ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da haƙori ma ba sa iya cinsa. Sauran kason da ya wuce zuwa babban hanji shi ne mai jan ruwa. Wata Juma'a mai zafi na sha kofi uku manya na zoɓon nan a jere, kafin la'asar cikina ya fara ƙugi, kuma sai da na sake alwala sau biyu kafin magariba. A watan Disambar 2023 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyakar rabin giram a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana, kuma saboda gudawa ta sa wannan iyaka. Hajiya tana da nauyin kilo 60, ke nan rabonta giram 30, abin da bai wuce ƙaramin cokalin shayi bakwai ba. Mai zuba cokali uku a kofi, idan ya sha kofi uku a yini, ya riga ya tsallake.

Akwai kuma maganar zuciya, wadda ba zan iya rubuta wannan sharhi in tsallake ta ba. A watan Fabrairun 2023 ayarin Dokta Stanley Hazen na asibitin Cleveland Clinic a Amurka ya wallafa bincike a mujallar Nature Medicine, inda suka duba jinin mutane fiye da 4,000 a Amurka da Turai suka ga waɗanda eritiritol ya fi yawa a jininsu sun fi fuskantar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki a cikin shekaru uku da suka biyo baya. A gwajin ɗakin bincike sun ga yana sa ƙwayoyin da ke daskarar da jini saurin mannewa, sannan mutane takwas masu lafiya da aka ba giram 30 sun kwana fiye da biyu yana da yawa a jininsu. Masu sukar binciken suna da hujja mai ƙarfi, domin yawancin waɗanda aka duba dama suna cikin haɗarin ciwon zuciya, kuma jikin ɗan Adam da kansa yana haɗa eritiritol daga gulukos ta wannan hanya ta fentos da yis ke bi, don haka yawansa a jini yana iya zama alamar rashin lafiyar da ke akwai, ba sanadinta ba. A shekarar 2024 wannan ayari ya fitar da irin wannan sakamako a kan zailitol. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen da aka fi tallata wa garin, masu ciwon sukari da hawan jini irin Hajiya, su ne dai waɗanda binciken ya fi shafa.

Saboda haka na ɗauki ledar na kai wa likitanta ranar da muka je awo. Ya karanta bayanta, ya tambayi cokali nawa take sha, sannan ya juya wurinta ya ce, "Hajiya, a shayin safe kawai, kuma kada a ce an samu sukarin da ba ya cutarwa a bar shan magani." Ya kuma tsawatar mana a kan wani kuskure da mu da kanmu muka yi. Mun fara zuba garin a kunun gero da fura, Hajiya ta koma shan kofi cike tana ganin an yi mata maganin abin, sai na'urar awon jini ta riƙa nuna sukarinta ya hau bayan sa'a biyu kamar da can. Ba laifin garin ba ne. Geron da kansa sitaci ne, kuma hanji yana mayar da shi gulukos ko da ba a sa masa ko ƙwayar sukari ɗaya ba, yadda masana'antar can ke yi wa sitacin masara kafin ta ba yis. A ranakun da shayi kawai ta sha da eritiritol da madara kaɗan, awon bai yi wani motsi da zai tayar da hankali ba.

Yanzu tsarin da muke bi shi ne cokali biyu a shayin asuba, sai zoɓo ƙaramin kofi ranar Juma'a idan jikoki sun taru. Kunu ya koma rabin kofi ba tare da komai ba, fanke da alkaki kuma sun koma wa sukarinsu, Hajiya tana gutsurar ɗaya don kada a ce ba ta taɓa ba. Da wannan awo ledar kilo ɗaya tana kai wata uku da ɗoriya, abin da ya sa tsadar ta zo da sauƙi fiye da yadda na zata a bakin kanti. Zan sake saye idan ta ƙare, amma ba irin wannan ledar ba, sai wadda ke ɗauke da lambar NAFDAC da sunan masana'antar da ta yi shi. Na juye ragowar a cikin wani tsohon gwangwanin madara na rubuta sunan garin a jikinsa da biro don kada a haɗa shi da sukarin yara, amma babu mai kiransa da wannan suna a gidan. Tun ranar da na ba Hajiya labarin yis ɗin da ke cinye abin da ya tara, idan ta idar da sallah sai in ji ta ce wa uwargida, "Miƙo mini gwangwanin ɗan ƙodagon nan."